Kwana Ukun da Na Yi Shiru

Ban yi karatu mai zurfi ba. Daga makarantar koyon kasuwanci, inda na koyi buga tafireta da ɗan lissafin ofis, aka ɗauke ni akawu a sashen albashi na wata ma'aikatar gwamnati. A nan na yi aikina duka, a nan na yi ritaya, kuma fanshon wannan aikin nake ci yau a gidana na Unguwar Mu'azu. Duk wata idan ya shigo ina yi wa Allah godiya. Sai dai na daɗe ina karɓarsa da nauyi a ƙirji, domin akwai mutumin da ya kamata a ce shi ma yana karɓar nasa, ni kuma na san inda hannuna ya shiga a rashinsa.

Teburinmu ɗaya da shi. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya riga ni shiga aiki da shekara uku. Yana haya a Kakuri da matarsa da 'ya'ya biyu. Ban taɓa ganin mai hannun lissafi irinsa ba. Sai ya bi dogon layin lambobi da bakin fensir tun daga sama har ƙasa, ya rubuta jimla, ni kuwa ina nan ina fama da injin lissafi mai hannu, in na gama in tarar abin da ya rubuta shi ne. Tun yana ƙaramin akawu nake ce masa Akanta. Shi kuma Malam yake ce min, wai don ina yawan gyara masa Hausa.

Aikin gwamnati a lokacin ba ya kashe mutum, ba ya kuma ƙosar da shi. Fankar ofishinmu sai an tura ta da tsintsiya take tashi. Albashi kaɗan ne, ƙarin shekara kuwa bai wuce kuɗin sabulu ba. Amma kafin la'asar an tashi, ba mai korar ka don ka yi zazzaɓi, kuma idan ka yi haƙuri ka cika shekarun da doka ta tanada, kana da fansho har ranar da za a kai ka makwanci. Mu matasa ba ma jin wannan na ƙarshen. Tsufa a wurinmu labari ne na wasu mutane.

Kullum a hanyarmu ta komawa gida muna wucewa ta gaban masaƙun Kakuri. Muna ganin ma'aikatansu suna fitowa, ga motar kamfani tana jiran su, ga sababbin kekuna da babura. An ce akawun can yana ɗaukar ninkin namu uku. Akwai abincin rana, akwai asibitin kamfani har da iyali, da Sallah da Kirsimeti kuma a raba yadi. Ni ne na fara kamuwa da ciwon. Na samu wani mutum a ofishin ɗaukar ma'aikata na ɗaya daga cikin kamfanonin, muna sallah masallaci ɗaya. Ya ce min suna neman ƙwararren mai lissafi da gaggawa, wanda zai fara ranar ɗaya ga wata. Ni ban kai ba, ya faɗa min a fili. Amma in na kawo musu wanda ya kai, akwai gurbin ƙaramin akawu da zai buɗe bayan wata biyu, nawa ne.

Sai na sa Akanta a gaba. Da safe magana, da rana magana, a motar haya magana.

“Malam, ka bar ni in yi tunani mana,” in ji shi.

“Tunanin me? Kai da kake haɗa albashin mutum ɗari huɗu, naka bai kai ƙarshen wata ba. Dubi takalminka, har ya fara gaishe da mutane.”

Ya dubi takalmin ya yi dariya. “To naka fa? Naka ai wa'azi yake yi.”

Cikin mako biyu ya amince. Ya je suka gwada shi, manajansu ya ba shi wani lissafi da ya gagare su kwana biyu, ya warware kafin shayin manajan ya huce. Suka ce ya zo.

A aikin gwamnati takarda ba ta tsallake kan shugabanka. Ko hutun kwana ɗaya kake nema, a saman takardar za ka rubuta cewa ta hannun shugaban sashe za ta bi. Shi zai karanta, ya sa hannu, sannan ta tafi rajista a buga mata hatimi a sa a fayil. Shugaban sashenmu wani dattijo ne mai sanyin magana, Oga muke ce masa. An san shi da zama a kan takarda. Takarda takan yi mako uku a teburinsa, mu kuwa mun ɗauka nawa ce kawai irin ta tsofaffi.

Akanta ya rubuta takardar ajiye aiki ranar Litinin. Na ce masa in ya bari ta bi ta hannun Oga, ɗaya ga wata za ta zo ta wuce takardar tana nan ƙarƙashin kofin shayi. Na ce ya ba ni, na san mutanen rajista. Na kai da hannuna, na yi musu ɗan barkwanci, na ce Oga ya sani, aka buga hatimi aka sa a fayil. Na dawo ina jin kaina gwani. Akanta yana da sauran kwanakin hutu, ya ɗauke su daga ranar, ya tattara fensirorinsa ya tafi gida. Tawa takardar kuwa, da yake ba ni da gaggawa, na ajiye ta a teburin Oga kamar yadda aka saba.

Washegari Talata, dab da tashi, Oga ya aiko a kira ni. Takardata tana gabansa.

“Zauna. Ina abokinka?”

“Yallaɓai, ya ɗauki hutu.”

“Na ji. Na kuma ji wanda ya kai takardarsa rajista.” Bai ɗaga murya ba. “Ka san saura wata nawa ya cika shekarun fansho?”

Na ce ban sani ba. Gaskiya ce, ban taɓa tambaya ba.

“Wata biyar. Da ta biyo ta nan, da na zauna a kanta wata biyar, ko zai zage ni. In ya cika, ya tafi duk inda yake so, haƙƙinsa yana nan yana jiran sa. Yanzu in ta wuce a haka, ya tafi kamar bai taɓa aiki a nan ba. Kuna tsammani barci nake yi a kan takardunku?”

Ya ce fayilolin ba za su bar rajista zuwa sama ba sai Juma'a da rana. In Akanta ya zo kafin nan ya rubuta takardar janyewa, shi zai san yadda zai yi. Ya ce shi bai san gidansa ba, ni na sani. “Ka je ka gaya masa yadda na gaya maka. In ya ji ya ƙi, wannan nasa ne.” Sannan ya buɗe aljihun tebur ya jefa tawa takardar a ciki. “Kai da sauranka, ba zan hana ka tafiya ba. Bayan wata ɗaya in kana nan a kan bakanka, ka zo in sa hannu.”

Laraba na wuce ta Kakuri ban sauka ba. Na ce wa kaina gobe.

Alhamis na sauka. Na tarar da shi a tsakar gida yana goge sabuwar farar riga da dutsen guga na gawayi. Matarsa, wadda nake kira Madam, tana ganina ta saki muciya ta taho.

“Malam! Sannu da zuwa, mai fitar da mu daga wahala. Yau ba za ka tafi ba sai ka ci tuwon acca.”

“Madam, ai sauri nake.”

“Saurin me? Gwamnati ta bi ka da bulala ne? Zauna.”

Na zauna. Akanta yana ta ba ni labarin ofishin da aka nuna masa, mai na'urar sanyi, da kujera mai juyawa. Ya ce da albashin farko zai sa babbar 'yarsa a makarantar kuɗi. Madam ta ce ita dai keken ɗinki. Maganar tana bakina, na ji ta har a kan harshe. Amma in na faɗa, sai in ce ni na yi garaje, ni na yi wa rajista ƙarya, ni da nake ta cika baki mako biyu ban ma tambayi shekarunsa ba. In kuma ya janye, mutumin kamfani zai ce na kunyata shi, gurbina ya tafi. Akwai na uku, wanda ya fi muni. Tun a ofishin Oga zuciyata ta fara sanyi da tafiyar, na fara tunanin zama. Na ji tsoron ya dube ni ya ce, to kai fa?

Na cinye tuwon, na yaba miya, na tafi.

Juma'a na ga masinja ya fito daga rajista da tulin fayiloli a kafaɗa. Oga ya dube ni ta saman tabarau, na ce masa, “Yallaɓai, ya ce ya gode, amma ya riga ya yanke shawara.” Ya gyaɗa kai kawai. Wata ɗaya ya cika ban koma karɓar takardata ba, shi ma bai tuna min ba. Da Akanta ya tambaye ni yaushe zan zo, na ce Oga ya ƙi sakina.

Shekarun farko sun taimake ni in manta. Akanta ya yi ƙiba. Ya sayi babur, ya sayi fili a Narayi tun ana noma dawa a wurin, ya fara gini. Aikin dai akwai wuya. Kati ake bugawa da safe, minti biyar in ka makara an rubuta. Ƙarshen wata ba Asabar ba Lahadi, har coci yakan rasa. Wani manaja ya taɓa jefa masa fayil a fuska a gaban yaransa na ofis. Amma da Sallah sai ga shi a ƙofar gidana da yadi biyar a bayan babur, yana cewa, “A ba amarya, kar a ce mijinta ma'aikacin gwamnati ne.” Mu kuwa a lokacin albashi yakan yi wata biyu bai zo ba. Har nakan ce a raina, ashe alheri na yi masa.

Sannan masaƙu suka fara tari. Aka rage kwanakin aiki, aka koma rabin albashi, wata safiya ma'aikata suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Haƙƙin sallama da aka yi musu alkawari, suka yi ta zarya har ƙafa ta gaji. Akanta ya fito yana da shekara hamsin da 'yan kai, ba fansho a can, ba fansho a nan. Ginin Narayi ya tsaya a ɗaki biyu.

Daga nan na fara gudunsa. Ba faɗa, ba komai. In na hango shi a kasuwar Kakuri sai in shige layin masu kayan miya. Ya zo gidana sau biyu, na sa aka ce ba na nan. Da gari ya rikice, mutane suka yi ta ƙaura kowa yana komawa cikin nasa, sai na samu hujjar da nake nema: Narayi ta yi nisa, zamani ya canza. Ƙarya ce. Kuɗin mota ɗaya ne. Na yi ritaya, aka yi min walima da lemo da biskit, na shiga layin tsofaffi masu zuwa tantancewa da fayil a hammata. Duk lokacin da na tsaya a layin nan, muna ƙorafin rana da jinkiri, sai in tuna akwai wanda ko layin bai samu ba.

Bara Oga ya rasu, ya tsufa ƙwarai. Na je gaisuwa, ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya. Wani tsoho ya sauko a hankali, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya gaisa da masu gida, ya yi musu ta'aziyya, sannan ya tsaya yana kallon layinmu ɗaya bayan ɗaya.

“Wannan mai gemun kamar na san ba shi da gaskiya,” in ji shi. “Malam! Ashe kana duniya?”

Akanta ne. Mutane suka yi dariya a wurin makoki. Ya zauna kusa da ni, ya riƙe hannuna bai saki ba har aka shafa addu'a. Ya ce Oga mutumin kirki ne, ko da yake bai taɓa fahimtar abin da ya sa tsohon ya daina amsa gaisuwarsa da fara'a ba bayan ya bar aiki. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Ashe ba shi kaɗai na cuta ba, har tsakaninsa da Oga na ɓata, ga shi Oga ya tafi.

Ranar Asabar da hantsi na hau mota zuwa Narayi. Unguwar ta cika har ban gane ta ba, sai da na yi tambaya sau uku. Gidan yana nan, an ƙara ɗaki ɗaya, ga bishiyar gwaiba. Na same shi a baranda da littattafai a gabansa. Tun bayan rufe kamfani, shi yake riƙe wa wasu Inyamurai masu sayar da kayan gyaran mota a Kakuri da Sabon Tasha lissafin shagunansu. Da wannan ya ƙarasa karatun yara. Madam ta fito, ta yi furfura, ta tafa hannu.

“Yesu! Wa nake gani? Malam, mun yi maka laifi ne?”

Na ce ni na yi. Na roƙe ta ta zauna ita ma, don maganar ta shafe ta. Na faɗa musu duka, tun daga rajista har ƙaryar da na yi wa Oga ranar Juma'a. Ban rage komai ba, har da gurbin da aka yi min alkawari.

Madam ce ta fara magana. “Ranar da ka ci tuwon acca?”

“Ranar.”

“Kana zaune a gidana, maganar tana cikinka, har ka ce miya ta yi daɗi?” Ta tashi ta shige ciki, na ji ƙarar ƙofa.

Akanta ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga.

“Wata biyar,” ya ce. “Na san da su, Malam. Ni mai lissafi ne. Na ɗauka in takarda ta sha hatimi shi ke nan, ban san ana janyewa ba.”

“Da na faɗa maka, da ka koma?”

“Ban sani ba. Wataƙila da na koma. Wataƙila da na yi maka dariya, don na riga na ga kujera mai juyawa. Amma da ni na zaɓa. Wannan ka ɗauke min.” Ya mayar da tabarau. “Kuma ka bar ni ina ganin Oga ya yi min rowa, alhali shi ya nemi ya cece ni.”

Na ce haka ne. Na ce ya yafe min don Allah.

“Tsaya tukuna. Kwana uku ka zo nema wa gafara. To shekarun fa? Lokacin da aka rufe kamfani, ba kuɗi na je nema gidanka ba. Wanda zan zauna da shi in yi surutu nake nema. Ina tsaye a ƙofa ina jin tarinka a ciki, aka ce min ba ka nan. Wannan ya fi fansho ciwo.”

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Tsoho da gemu, a barandar mutane. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce shi a addininsa kullum yana roƙon a yafe masa kamar yadda yake yafe wa wasu, to ba zai tsaya gaban Allah da fayil ɗina a hammata ba. Ya yafe, duka biyun. Ya ɗaga murya ya ce, “Maman yara, kawo wa mutumin nan ruwa kafin ya shanye mana hawayensa.”

Ta kawo ruwan, ta ajiye da ɗan ƙarfi. Ta ce ita sai ta yi tunani. Ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice, kuma ban ga laifinta ba. Ranar da ta sauko, abin da ta ce shi ne, “Malam, ka ci sa'a na tsufa, fushi yana tayar min da hawan jini.”

Kafin in tafi a ranar farkon, na yi ƙoƙarin kawo maganar ko zan riƙa ba shi wani abu daga fanshona. Ya ɗaga hannu tun ban ƙarasa ba. Ya ce in na sake, zai janye yafiyar, kuma wannan karon ya san ana janyewa. Abin da yake buƙata daban ne. Idonsa ya yi rauni, rasiɗan 'yan kasuwar nan kuwa rubutunsu kamar tafiyar kaza, yana tsoron ranar da za su gane ba ya gani sosai su nemi wani. In ina da lokaci, in riƙa zuwa ina karanta masa.

Lokaci kuwa shi ne abin da gwamnati ta bar min da yawa. Yanzu duk Talata da Asabar ina Narayi tun hantsi. Ina karanta lambobi da ƙarfi, shi yana jingine da ido a rufe yana haɗawa a ka. In azahar ta yi, Madam ta shimfiɗa min tabarma a ƙarƙashin gwaiba, ta ajiye buta. Masu shagunan sun san da ni, suna ce min mataimakin Akanta, ɗayansu har ya ba ni kalanda.

Na gode wa Allah da ya ba ni shugaba irin Oga a lokacin da ban san darajarsa ba, ina kuma yi masa addu'a duk bayan sallah. Na gode da Allah bai ɗauki ɗayanmu ba kafin in buɗe baki. Makon jiya na karanta bakwai a inda aka rubuta ɗaya, Akanta ya buɗe ido ya ce jimlar ba ta zauna ba, in sake dubawa. Na duba, shi ke da gaskiya. Ya ce in na ƙara irin wannan zai rage min albashi, Madam kuma daga kicin ta ce a rage min nama dai, shi ne zan ji.